Tsagar da Ta Karkace

Shekarar da ruwa ya ƙi mu karo na biyu a jere, wana ya rasa aikin yi. Maƙeri ne, gadon gidanmu ke nan, shi kuwa maƙeri da damina yake ci. In ba a yi shuka ba, wa zai kawo kalme, wato fartanya, a yi mata baki? Wa zai nemi lauje? Sai ma mutanen ƙauyenmu, can kusa da Tsamaye, sunka koma kwaso kayan nomansu suna kawo mashi, wai ya ba su ko mudun dawa ne ya riƙe ƙarfen, shi da bai da na bakinsa. Wasu sai su aje a ƙofar maƙera su wuce Maraɗi ko kudu, su ce in Allah ya maido su sa karɓa. Da yawa ba su dawo ba. Kafin bazara bayan maƙerarmu ya cika da kalme da sungumi da galma da lauje, tsibi guda.

Ni ban gaji ƙira ba. Ni anka kama anka kai boko, na fito malamin lissafi, ina koyarwa a wata firamare a Isa. Duk bayan mako biyu nakan hau keke in zo gida. Wana "ɗan boko" yake ce mani, rabi wasa rabi gaske, ni kuma a raina ina ganin na fi shi sanin duniya nesa ba kusa ba. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don shi ya kai ni ga abin da na aikata.

Matar wana doguwa ce, ga dariya ga tsiya. Akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ita kuwa ta riƙe wasan nan da hannu biyu. Da ta ji ƙarar kekena sai ta fito ta kama ƙugu da hannu guda, ta ce, "Ga mijina ƙarami ya iso, mai alli a gemu. Mi ka kawo mani, ko lissahi za ni dahwawa?" Bagobira ce ta asali, da tsagarta cikakkiya, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Guda daga cikinsu ta karkace, ta kusa taɓa 'yar'uwarta kafin ta koma hanya. An ce atishawa ta yi a hannun wanzami ranar da aka yi mata. Ni kuwa nan nake kama ta. Sai in ce mata ko ɗan aji biyu ba zai ja layi haka ba, ita kuma ta ce ai shi ya sa ta fi 'yan aji biyu miji.

Tana da 'yar rediyo baƙa wadda wana ya sayo mata daga Maraɗi, lokacin da ya zauna can yana koyon walda a wani garejin manyan motoci. Ko daka take yi rediyon nan na gefenta. In batir ya yi sanyi ta shanya shi a rana bisa dangar gida, ta mayar, ya ƙara mata yini guda.

Sanƙarau ya ɗauke ta cikin zafin shekarar nan, kwana uku tsakanin ciwon kai da kabari. Ta bar ɗiya guda, 'yar shekara biyu da 'yan watanni, wadda Innarmu ta ɗauka ta goya. Hotonta ko guda babu. Akwai mai hoto da ke kafa akwatinsa a kasuwar Sabon Birni, sun sha cewa in an yi kaka za su je su ukun a ɗauke su. Ba a yi kakar ba.

Bayan sadakar arba'in na zo gida na iske wana zaune a maƙera, wuta a mace, ya zuba wa tsibin ƙarfen nan ido. Ya ce, "Ɗan boko, 'yar akwatin nan taka mai kamfas da rula, ara mani."

Na ce, "Yaya, mi za ka auna? Gonar da ba a shuka ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yarinyar ga za ta girma ba ta san huskar uwatta ba. Ni ma kaina, jiya na nemi hancinta cikin kaina sai da na daɗe kahin in samu. Za ni ƙera ta tun ban rasa ta ba."

Na san abin da yake faɗi, na kuma san garinmu. Mutum-mutumin tsumma a gona don korar tsuntsu, wannan ba mai cewa uffan. Siffar mutum sosai, da fuska da ido, a cikin gida, wannan wata magana ce. Na buɗe baki za ni hana shi, sai wani abu ya riga ni. A kwalejin horon malamai an taɓa nuna mana yadda ake kasa jikin mutum, tsawon kai kaza shi ke ba da tsawon jiki, faɗin hannuwa in an miƙe su daidai yake da tsayi. Tun da na fito ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Ga shi yau wana da kansa, mai ce mani ɗan boko, yana neman ilmina. Wallahi daɗi na ji. Na sauke akwatin daga bayan keke, na share ƙasa da tafin hannu, na fara zane.

Ba zan yi ƙarya ba, za ni faɗi gaskiya ko da ta ƙona ni: watannin nan su ne mafi daɗi da na taɓa yi da ɗan'uwana. Gari na ta watsewa, shanun Fulani na faɗuwa a hanyar Turba ba mai ko fiɗe su, mu muna bayan maƙera cikin ɗakin ajiyar gawayi muna gardamar faɗin kafaɗa. Na zana mashi jikin a alwatika da da'ira, ƙirji alwatika mai kallon ƙasa, ƙugu alwatika mai kallon sama, kowace gaɓa da'ira. Ya duba ya ce, "To, wannan mace ce, amma ba tawa ba. Tawa ƙahwahunta sun hi na littahinka tsawo." Sai ya ɗauko zanenta ya ɗaura wa turmi ya nuna mani inda yake tsaya mata. Tsayinta kuwa a jikinsa ya auna, ya ce kanta daidai kunnensa yake zuwa. Na goge, na sake.

Kayan aikin duk na mutanen da sunka gudu ne. Kafaɗu bakin kalme biyu. Haƙarƙari lauje ne, ya jera su bi da bi, lanƙwasarsu ta zauna kamar don haka anka yi su. Ƙashin baya kacar babur. Gwiwoyi da gwiwar hannu ya ciro su daga wani injin ban ruwa da ya mutu a fadama tun da fadamar ta bushe. Ba gas ɗin walda, don haka duk da wuta da ƙusa ya haɗa su, yana huda yana ɗaurewa. Ya tsai da ita yadda take tsayawa in za ta yi mani tsiya, hannu guda a ƙugu, kai ya ɗan karkata. Ana ganin bango ta tsakanin haƙarƙarinta, amma ranar da na shigo na gan ta tsaye ba kai, sai da na yi sallama ban sani ba.

A cikin ƙirjin ya yi wata 'yar ma'ajiya ya sa rediyonta. Na tambaye shi dalili, ya ce ina kuma zai aje ta, ai can take zama.

Fuskar bai bari na sa hannu ba. Cikin jeren matar akwai wata babbar tasa ta tagulla, ita kaɗai ta rage, sauran duk an kai kasuwa an musanya da hatsi. Ita ya ɗauka. Wata biyu yana bugunta da 'yar ƙaramar masaba, bugu kaɗan kaɗan daga ciki, ya tsaya ya rufe ido, ya buɗe ya ƙara. Wani lokaci yini guda a kan leɓe kawai. Inna ta yi ta faɗa, wai ƙarfin da zai nemi abinci da shi yana zubar da shi kan tasa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da ya gama sai ya warware jar waya daga cikin injin nan, ya tsaga kumatun da kurfi, ƙarfen nan da maƙera ke sara da shi, ya kwantar da wayar cikin kowace tsaga.

Nan munka yi faɗa. Na zo da ma'aunin kusurwa na ɗora, na ce tsagogin nan daga wuri guda sunka taso, kamata ya yi tazararsu ta zama daidai, ga wannan ta karkace ta ɓata tsarin. Na ce tunda yanzu a hannunmu take, mu gyara abin da wanzami ya ɓata. Ya karɓe ma'aunin daga hannuna ya jefa shi waje ta ƙofa. Ya ce, "Kai jaki ne mai takarda. In na miƙe ta, matar wa ke nan?"

Ranar da ya ɗora kan, ya aika Inna ta kawo yarinyar. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana salati, ta ƙi shiga. Shi ya ɗauki ɗiyarsa ya ɗaga ta daidai fuskar. Yarinyar ta zuba mata ido. Sai ta miƙa yatsa ta ɗora kan karkatacciyar tsagar nan ta bi ta har kunne, yadda take yi in tana shan nono. Wana ya juya mani baya, ni kuma na fita na tsaya ina duba tayar kekena wadda ba abin da ya same ta.

Da abin ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma wana ya ɗauki wata al'ada, in ya gama sallar la'asar sai ya shiga ɗakin ya kunna rediyon ya zauna. Wata rana wata maƙwabciyarmu ta shigo neman garwashi, ba ta ga kowa a maƙera ba, ta ji waƙa na fitowa daga ɗakin gawayi, ta leƙa. Ta yar da kaskon ta fita da gudu tana ihu. Kafin magariba ba gidan da bai ji ba, cewa maƙeri ya tada matarsa da ƙarfe, tana tsaye tana waƙa daga cikin ƙirji.

Ku tuna halin da ake ciki. Damina ta uku ta kama, watan shuka ya shiga ya kusa fita, sama fes. An fita roƙon ruwa sau uku, maza da mata da dabbobin da sunka rage, an juya riguna bai-bai, an yi kuka har murya ta dishe. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Mutanen da ke cin tafasa da dusa, sun binne 'ya'yansu, suna neman dalili. Sai ga dalili an ba su, mai tsayi da ido biyu. Aka fara cewa mala'ikun rahama ba su sauka garin da ke da gunki. Har yau in na tuna bakin wasu daga cikinsu raina ɓaci yake, don na san waɗanda sunka ɓoye hatsi a rami suna jiran ya ƙara tsada, kuma su ne sunka fi kowa ɗaga murya kan gunki.

Wata Juma'a na iso gida na tarar wana ba ya nan, an kira shi Kurawa gyaran injin niƙa, sai Lahadi zai dawo. Bayan an sauko daga masallaci liman ya aiko a kira ni. Na iske shi a ƙofar gidansa da dattawa, bayansu kuma jama'a tsaitsaye.

Limamin nan tsoho ne mai sanyin hali, ba zan ɗora mashi abin da bai yi ba. Ya ce, "Malam, zauna. Wanka mutumin kirki ne, baƙin ciki ne ya yi mashi yawa. Ni ban ce shi ya hana ruwa ba, ruwa na Allah ne. Amma siffa mai rai a cikin gida ba ta halatta, kuma ka ga yadda hankalin mutane ya tashi. Abin da malamai sunka ce, in an raba kai da jiki, abin da ya rage hukuncinsa hukuncin itace ne. In ya dawo ka lallashe shi ya cire kan. Kai ɗan'uwansa ne, ya hi jin maganarka."

Na ce to. Da na tashi na tafi a nan, da yau ba ni da abin rubutawa. Ina miƙewa sai wani daga baya, ɗaya daga cikin masu ramin hatsin nan, ya ce, "Wane lallashi? Ai shi ne ya koya mashi. An gan shi shina zane a ƙasa. Abin da anka koya musu ke nan a boko, ƙera gumaka." Wani ya ce, "Kuma shi anka ba 'ya'yan mutane a Isa." Aka yi guna-guni.

Ina da zuciya, tun ina yaro haka nake, kuma ban taɓa iya jure a raina ni a bainar jama'a ba. Kunnuwana sunka yi zafi. Na juya na ce, "Ni? Ni za a kira mai gunki? To ku biyo ni ku gani, ba sai an jira Lahadi ba." Liman ya ce, "Malam, a'a, bari mai shi ya zo." Ban ko waiwaye shi ba.

A hanya har ina ba kaina hujja. Na ce ai taimakon wana za ni yi, in ban yi ba wata rana za su shigo su farfasa duka, ko su kore shi daga gari. Na ce ai kai kashi guda ne cikin bakwai da rabi, sauran shida da rabin suna nan, kuma su ne aikin gaske, su ne munka auna. Ka ji lissafin banza. Haka na riƙa faɗa wa kaina har munka iso.

Na jawo siffar waje da taimakon mutum biyu, waɗanda sai da sunka yi bisimilla kafin su taɓa. A rana tagullar ta ɗauki haske, jama'a sunka ja da baya. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ita ce," ta rufe baki. Na ɗauki kurfi da masaba na sare ƙusoshin wuyan guda huɗu. Kan ya faɗo cikin ƙasa ya mirgina ya tsaya yana kallon sama.

Liman, wanda ya biyo mu yana haki, ya ce, "Ya isa. Alhamdu lillahi, ya isa haka. A naɗe shi a zane a aje wa mai shi."

Ku ji da kyau, don wannan ne ban taɓa faɗa da bakina ba sai bara. An ce ya isa. Ba wanda ya nemi ƙari. Amma mutumin nan na baya ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai gobe sai su mayar." Sai na sunkuya na ɗauki kan, na ɗora shi bisa uwar maƙera, na ɗauko babbar masabar da ake bugun galma da ita. Bugun farko hanci ya shige. Ban san ko sau nawa na buga ba. Tagulla ba ta da gardama, wata biyun wana ba su kai mani minti biyu ba. Jar wayar ta fita daga tsagogin ta tattare, na ci gaba har abin ya koma faifai. Na ɗaga shi na nuna musu, na ce, "To a mayar in gani."

Sunka fara zamewa ɗaya ɗaya. Da na juya sai na ga Inna a bakin zaure, da yarinyar goye a bayanta. Ta dube ni ta ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin alli." Ta shige ciki.

Ran Lahadi da hantsi wana ya dawo da ɗan ƙullin gero da anka ba shi ladan gyara. Tun a Kurawa an ba shi labari. Na shirya maganganu, na shirya ma ya buge ni, da ya yi da na ji sauƙi. Ya wuce ni ya shiga maƙera, ya ɗauki faifan tagullar ya juya shi gaba da baya, yana shafa shi da babban yatsa.

Ya ce, "Ɗan boko, an ce a cire. Wa ya ce a daka?"

Na fara bayani, yadda sunka taru, abin da sunka ce, yadda na ji tsoron kada su kore shi. Daga ƙarshe sai na ce, "Yaya, hannunka na nan. In ƙura ta lafa ka sake wata, a ɓoye. Ni za ni nemo maka tasa ko daga Sakkwato ne."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a idonsa, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Ya ce, "Wata biyu ina hidda ta daga kaina ina sa ta nan. Kullum in na buga wuri, sai in bar riƙonsa, don na san na aje shi. Na gama aje ta duka. Tun jiya da anka hwaɗa mani nike ruhe ido ina nemanta, tasa nike gani."

Kwana huɗu bayan haka ruwa ya sauko. Na rantse da Allah haka anka yi, kuma da bai sauko ba da ya fi mani. Gari ya ɗauki guɗa. Mutanen da sunka kira ni mai gunki sunka riƙa tare ni a hanya suna riƙe hannuna da hannu biyu, wai Malam ya ceci gari. Har wata mata ta aiko mani da ƙwai uku, a shekarar da ƙwai ya fi zinariya wuyar gani, kuma na ci. Kowa ya tono ɗan irin da ya ɓoye ya kai gona. Gero ya tsiro ya yi kamar tsawon yatsa. Daga nan sama ta rufe bakinta, rana ta ƙone shi ƙurmus, da shi da irin da ba a da wani. Ba wanda ya zo ya ce mani ashe ba gunkin ba ne. Sun dai daina riƙe mani hannu.

Wana ya gwada sau guda. Ya yanke gindin wata tsohuwar garwa ya yi mako uku yana bugu. Na leƙa na gani. Fuska ce mai kyau, ido da hanci da baki duk a wurinsu, irin wadda ni zan ba maki cikakke, amma ba ta kowa ba ce. Shi da kansa ya jefa ta bayan danga.

Kafin sanyi ya shiga wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya zo sayen tsohon ƙarfe. Wana ya ce ya kwashe tsibin duka, har da jikin. Na ga an ɗora ta a bayan mota cikin kalme da galmar mutane, ba kai, hannu a ƙugu. Rediyon kawai ya cire ya ba Inna. Shi ma motar ya bi, ya ce zai koma garejin da ya yi koyo. Yakan aiko da saƙo, ya zo gida sau uku ko huɗu. In mun haɗu yakan amsa gaisuwata, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Bai sake ce mani ɗan boko ba, Malam yake ce mani kamar kowa. A can ya rasu, a can anka binne shi.

Bayan Inna ta tsufa ni na ɗauki yarinyar, a gidana ta yi karatu, daga gidana anka kai ta ɗakin miji. Ba ta yi kama da uwarta ba, ubanta ta biyo, kuma a zamaninta an bar yin tsaga. Ta san an taɓa ƙera uwarta da ƙarfe, don ba a ɓoye irin wannan a ƙauye. Da ta tambaye ni abin da ya faru da shi, tana 'yar sakandare, na ce mata mutanen gari ne sunka fasa, jahilci da yunwa. Na faɗi haka da ɗaci sosai, har na zage su.

Bara ta zo duba ni daga Sakkwato, yanzu ita ma ta yi jikoki. Muna zaune a inuwa da hantsi ta fiddo wayarta ta matso. Ta ce, "Baffa, dubi wannan." Hotuna ne na wani baje kolin zane a wani babban birni, ɗanta ya turo mata. Mutane ne na ƙarfe tsaitsaye cikin farin ɗaki, jikinsu duk alwatika da da'ira, wayoyi na ratsa ƙirjinsu, wani har da fitila a ciki. Ga masu kallo sun sha ado sun harɗe hannu a baya suna sunkuyawa. Wasu gumakan ma ba su da kai, wai da gangan anka bar su haka. Na ce mata ko guda cikinsu bai kama ƙafar na ubanta ba, kuma ba son kai ya sa na faɗa ba.

Ta ce, "Shi ya sa na zo. Yaron ya ce akwai masu zana fuska da na'ura, in an kwatanta musu sai su fitar da ita kamar hoto. Baffa, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda sunka san ta. Kwatanta mani, in ɗauki muryarka in tura mashi."

Ta danna wayar ta riƙe ta kusa da bakina. Na fara. Na faɗi tsayinta, na faɗi faɗin kafaɗa, na faɗi tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa diddige, duk suna nan a kaina har da rabin inci, don ni na auna su. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Fuskar fa?" Na ce doguwa ce, tana da dariya. Na ce tsaga shida da bakwai, guda ta karkace.

Ta ce, "A wane kunci?"

Na rufe ido. Na ga ma'aunin kusurwata yana tashi ta ƙofa, na ga uwar maƙera, na ga jar waya a tattare. Na ɗaga hannu na taɓa kuncina na dama, na mayar na hagu. Waya na ta ɗauka, ba abin da ke shiga sai kukan kaji.

Na ce, "Kashe abin nan, akwai maganar da za ni faɗa maki. Ba mutanen gari sunka fasa ba. Liman cewa ya yi a cire a aje wa ubanki. Ni na ɗora fuskar bisa uwar maƙera na daka ta da hannuna, don wani ya yi mani dariya."

Ba ta kashe wayar ba, ba ta kuma janye ta ba. Ta ce, "Na sani, Baffa. Inna ta gaya mani tun kafin in zo gidanka. Ni kuncin nake tambaya."

Na ce mata ban sani ba.